Gaisuwar da ba ta jiran amsa

Wani abokin aikina, malamin lissafi, ya nuna mini wata dabara a kwamfutarsa. Ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta wa na'ura umurni kai tsaye, ya nuna mini layi guda da ya fara da 0 7 * * 1-5. Ma'anarsa: ƙarfe 7 na safe daidai, daga Litinin zuwa Juma'a. Manhajar da ke karanta irin wannan layi sunanta cron, kuma tsohuwa ce, tun shekarun 1970 take cikin tsarin Unix. Gurabe biyar take dubawa: minti, sa'a, ranar wata, wata da ranar mako. Da lokacin ya cika sai ta zartar da abin da aka ɗora mata. Shi kuwa abin da ya ɗora mata saƙo ne zuwa wayar wani malami da suke raba azuzuwa: «Ina kwana, Malam? Ina gajiya? Yaya iyali?» Kullum saƙon na tafiya, wani lokaci mai shi bai ma buɗe ido ba.

Da na yamutsa fuska sai ya kare kansa, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce Bahaushe ya daɗe yana aika gaisuwa ta bakin wani. Wanda zai tafi Damagaram ana ce masa ya gai da wane da wane, kuma ba wanda ya taɓa kiran wannan yaudara. Niyyar tasa ce, na'ura ɗan aike ce kurum.

Na kwana da maganar. In da tunatarwa ce yake aikawa, a ce gobe ne za a miƙa makin ɗalibai, ba ni da ta cewa; hasali ma na'ura ta fi mu riƙe alkawari. Amma gaisuwarmu tambaya ce. Ina koya wa yara faransanci da hausa, na kuma sha nuna musu cewa «bonjour» fata ne, mai faɗinsa yana iya wucewa abinsa, alhali mai cewa «ina kwana» ya ɗauki nauyin tsayawa ya ji yadda aka kwana. Ɗan aike yana sauke wannan nauyi a madadin wanda ya aiko shi. Yana da ido: in ya tarar da tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida, mutane sun yi jigum, sai ya haɗiye gaisuwar da ya ɗauko ya yi ta'aziyya, ya komo da labari. Ita cron agogo kawai take kallo. Ranar da malamin nan zai kwana a asibiti kan ɗansa, ƙarfe 7 za ta tambaye shi iyali, ya amsa cikin damuwa, amsar ta yini ba a buɗe ta ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutumin bai sani ba. Yana zaton kowace safiya an tuna da shi, har yana yabon abokinsa da zumunci, watakila ma yana jin kunyar cewa shi bai taɓa riga shi gaisuwa ba.

Na tambayi abokina ko zai iya ƙara kalma uku a ƙarshen saƙon: «na'ura ta aiko». Ya ce abu ne na minti ɗaya. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce ai in ya ƙara su, Malam zai daina amsawa.