Kada Gardamar Mutum Ta Cinye Maganar Kuɗin Talaka

Akwai wata ɗabi'a da ta kama mu wadda ya kamata mu zauna mu dube ta. Da zarar an ambaci sunan ɗan siyasa, kafin mai magana ya rufe baki kowa ya riga ya san inda zai tsaya. In namu ne, ko an kama shi dumu-dumu sai mu ce sharrin maƙiya ne. In na ɗaya ɓangaren ne, ko asibiti ya gina a unguwarmu sai mu ce da wata a ƙasa. Zan ɗauko misali daga Amurka, domin a can ba mu da jam'iyya, ba mu da ubangida, ƙila idonmu ya fi buɗewa.

Sunan matar Elizabeth Warren, sanata mai wakiltar jihar Massachusetts. An haife ta a 1949 a Oklahoma, a gidan masu ƙaramin ƙarfi. Tana da shekara 12 ciwon zuciya ya kwantar da mahaifinta, motar gidan ta tafi, mahaifiyarta ta fita neman aiki a kantin Sears don kada gidan ma ya bi bayan motar. Yarinyar ta girma ta zama farfesar shari'a, fanninta kuwa dokar waɗanda bashi ya yi wa katutu har suka kai kansu kotu. Ita da abokan aikinta suka bi takardun kotuna suna nazari, suka gano cewa yawancin iyalan da suka karye rashin aiki ne, ko jinya, ko mutuwar aure ya kayar da su, saɓanin zaton da ake yi cewa almubazzarai ne. A rajista 'yar Republican ce har zuwa 1996, sannan ta koma Democrat.

A 2007 ta rubuta wata maƙala. Hujjarta mai sauƙi ce: gwamnati ba ta yarda a sayar wa mutum na'urar gasa burodi mai iya ƙona masa gida, to me ya sa ake barin banki ya sayar masa da bashin da zai raba shi da gidan? Ta nemi a kafa hukuma guda da ba ta da wani aiki sai kare mai karɓar bashi. Shekara na zagayowa tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, bankin Lehman Brothers ya rushe a Satumbar 2008, miliyoyin iyalai suka rasa gidajen da suka saya da bashi. Majalisa ta ware dala biliyan 700 don ceto bankuna, aka naɗa Warren shugabar kwamitin sa ido kan kuɗin. A wannan kujera ba ta ƙyale kowa ba, har Timothy Geithner, sakataren baitulmalin gwamnatin Obama ta jam'iyyarta, ya sha matsa a hannunta. A Yulin 2010 Obama ya sa hannu kan dokar Dodd-Frank, hukumar da ta yi ta kira a kafa ta shiga ciki, ta fara aiki a 2011 da sunan CFPB. Ita ta tsara ta, amma ba a ba ta shugabancin ba, don an san 'yan Republican a Majalisar Dattawa ba za su bari ta wuce ba. Sai ta nemi kujerar majalisar da kanta a 2012, ta kayar da Scott Brown.

Ku dubi abu ɗaya da hukumar ta taɓa. A bankin Wells Fargo, manya sun ɗora wa ƙananan ma'aikata adadin asusun da dole su buɗe, wanda ya kasa aikinsa na cikin haɗari. Sai ma'aikatan suka shiga buɗe wa mutane asusu da katin bashi ba tare da saninsu ba, kusan miliyan 2 a lissafin farko. Mutum yana zaune sai ya ga ana cire masa kuɗin hidimar asusun da bai san da shi ba. A Satumbar 2016 CFPB ta ci bankin tarar dala miliyan 100. Bankin ya ce ya kori ma'aikata 5,300, amma manyan suna nan daram. Da shugabansa John Stumpf ya bayyana gaban kwamitin majalisa, Warren ta tsare shi da tambaya: ko ya mayar da ko sisi daga ribar da ya samu, ko ya kori babban jami'i ko ɗaya? Ta ce masa ya sauka. Wata bai cika ba ya sauka. Bisa lissafin hukumar kanta, abin da ta ƙwato wa jama'a tun kafuwarta ya haura dala biliyan 20.

Wannan gefe ɗaya ke nan. Ga ɗayan, kuma ba zan rage masa nauyi ba.

Shekara da shekaru Warren tana bayyana kanta a matsayin mai jinin 'yan asalin Amurka na ƙabilar Cherokee, bisa labarin da ta ce ta ji a gidansu. Sunanta ya fito a jerin malaman shari'a 'yan tsiraru, kuma a katin rajistarta na lauyoyin Texas na 1986 ta rubuta da hannunta cewa ita cikin 'yan asalin Amurka take. Maganar ta tashi a yaƙin zaɓen 2012, daga baya Donald Trump ya laƙa mata sunan tsokana, Pocahontas. Maimakon ta ce ta yi kuskure tun da wuri, a Oktobar 2018 ta fito da gwajin ƙwayoyin gado, wanda ya nuna kakan da ake magana yana can baya, tsatso shida zuwa goma. Shugabannin Cherokee suka fusata, suka ce zama ɗan ƙabilarsu ba da gwajin jini ake tabbatar da shi ba. Sai a 2019 ta nemi gafara. Jaridar Boston Globe ta bincika ta ce ba wannan iƙirari ne ya samar mata aiki a jami'ar Harvard ba, amma hakan bai mayar da iƙirarin gaskiya ba. Bayan haka, mai kare talaka ɗin nan ta taɓa yi wa manyan kamfanoni irin su Dow Chemical da Travelers aikin lauya ta karɓi kuɗi. Kuma a takarar shugaban ƙasa ta 2020 ta fara da ƙyamar ƙungiyoyin da ke tara wa 'yan takara kuɗi ba iyaka, da tafiya ta yi tsanani sai ta ƙi hana wata irinsu tallafa mata. Magoya bayan abokin takararta Bernie Sanders, waɗanda aƙidarsu ɗaya da ita, har yau ba su manta ba.

To me magoya baya da 'yan adawa suka yi da waɗannan bayanai biyu? Kowa ya ɗauki rabinsa ya jefar da rabin ɗan'uwansa. Ka tayar da zancen Wells Fargo, ɗan adawa ya amsa maka da Pocahontas. Ka tayar da zancen katin Texas, masoyi ya ce don ita mace ce ake bin ta. Dukansu suna riƙe da guntun gaskiya, dukansu kuma sun guje wa tambayar da aka yi musu.

Abin takaicin shi ne akwai gardama ta gaske a ƙarƙashin wannan ƙura, gardamar da ta shafi aljihun mutane. Masu sukar Dodd-Frank suna cewa ƙa'idojinta sun danne ƙananan bankunan karkara, waɗanda ba su da rundunar lauyoyi, alhali manyan da suka jawo masifar sun ƙara ƙiba. Wannan zance ne mai nauyi da ya cancanci amsa. Suna cewa an ba shugaban CFPB ƙarfin da ya wuce kima, kuma a 2020 Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya a wannan gaɓa, ta ce shugaban ƙasa na iya tsige shi. A 2024 kotun dai ta ƙi amincewa da ƙorafinsu kan hanyar da hukumar ke samun kuɗi, alƙalai bakwai a kan biyu. A 2018 majalisa ta sassauta dokar, ta ɗaga mizanin bankunan da ake sa wa ido sosai daga masu kadarar dala biliyan 50 zuwa 250, da ƙuri'un wasu 'yan Democrat, Warren tana ta ihu. A Maris 2023 Silicon Valley Bank, wanda ya amfana da sassaucin, ya rushe. Ita ta ce ga abin da ta faɗa, wasu suka ce sakacin masu sa ido ne. A Fabrairun 2025 kuma gwamnatin Trump ta umarci ma'aikatan CFPB su dakatar da aiki. Mutum nawa ne cikin masu zagi da masu yabo suka tsaya suka auna waɗannan? Wanda surutun ya yi wa daɗi shi ne mai ba da bashi da mugun sharaɗi, domin muddin ana faɗa kan kakannin sanata, babu mai karanta takardar da yake sa mutane su sa wa hannu.

Guguwar 2008 ɗin nan ta iso Najeriya, kuma mun yi irin wannan rawa. A ranar 14 ga Agustan 2009 gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, ya zuba musu naira biliyan 420. Nan take wasu suka ce manufar Arewa ce, mu kuma da yawanmu muka tafa don ɗanmu ne, ba don mun san abin da ke cikin littattafan bankunan Oceanic ko Intercontinental ba. Da aka dakatar da shi a 2014 bayan zancen kuɗin man da ya ce ba su shiga asusun gwamnati ba, kowa ya sake komawa layinsa. Sojojin baka suka cika gidajen rediyo, yau kuma sun ƙaura Facebook da TikTok. A tsakanin nan mai shago yana ganin saƙon cire kuɗi da bai gane kansa ba, matashi ya ci bashin manhajar waya an bi lambobin surukansa da saƙon tozarci.

Addininmu ya hore mu da yin adalci ko ga wanda muke ƙi, da faɗin gaskiya ko a kan namu. A ganina Warren ta yi laifi a zancen asalinta kuma ta makara wajen tuba, sannan ta gina hukumar da ta mayar wa talakawa kuɗinsu. Duka biyun suna nan, ɗaya bai goge ɗaya ba.

Don haka ina roƙon malamai a kan mumbari, da masu shirye-shiryen siyasa a rediyo, da matasa masu riƙe da waya, da iyaye mata da ake tarawa lokacin zaɓe: in an kawo muku ɗan siyasa, ku tambayi wace doka ya kawo, wa ta amfana, wa ta cutar, wa ya ba shi kuɗin yaƙin zaɓe. In an kawo muku laifin wanda kuke so, ku bincika kafin ku kare shi. In an kawo muku aikin wanda kuke ƙi, ku bincika kafin ku yi watsi da shi. Kuma kafin ku tura wani saƙon zagi gaba, ku buɗe saƙonnin bankinku na watan jiya ku lissafa abin da aka cire muku.