Hukuncin Duhunta Gashi Bayan An Koɗar Da Shi

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Wasu mata kan shafa wa gashinsu maganin da ke cinye baƙinsa har ya koma ruwan ɗorawa, daga baya kuma su nemi masu gyaran gashi su duhunta shi. To, mene ne hukuncinsa?

Ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira, an kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa fari fat. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarta a rina furfurar, amma a guji baƙi. Littafin Risala ya karhanta baƙin rini ba tare da haramtawa ba, lalle kuwa babu laifi.

Koɗaɗɗen gashi sai an fara shimfiɗa masa ja kafin duhu ya zauna, in ba haka ba ya yi kore-kore. Saboda haka jan ƙasa mai duhu ya fi dacewa, ga shi ya kuɓuta daga karhanci. Launi zalla ba ya hana ruwan alwala. Amma rini domin a yaudari mai neman aure haramun ne.

Allah ne mafi sani.