Kaboyi mai waƙa da halaccin ƙaryar fim

Daga 1935, shekarar da kamfanin Republic ya fitar da Tumbling Tumbleweeds, har zuwa farkon shekarun 1950, sinimomin Amurka sun yi yayin wani irin jarumi: kaboyi mai bindiga a ƙugu da jita a kafaɗa. Gene Autry ne ya buɗe fagen, Roy Rogers ya biyo sahu a 1938. Masu sharhi na manyan birane sun raina finafinan, amma mutanen karkara da yaran da ke cika sinima ranar Asabar ko a jikinsu. A 1940 Autry na cikin taurari goma da suka fi kawo kuɗi.

Dalilin karɓuwar a fili yake. Tattalin arziki ya karye tun 1929, bankuna na ƙwace gonaki, kuma mugu a finafinan Autry sau da yawa attajiri ne mai haɗamar filin talaka. Jarumin ba ya shan giya, ba ya fara harbi, ba ya saɓa alkawari.

Nan tsohuwar tambayar falsafa ke tasowa: ya halatta a koyar da nagarta ta hanyar ƙarya? Aflatun ya kori mawaƙa daga birnin da ya zayyana, sannan ya yarje wa shugabanni ƙirƙirar tatsuniya don amfanin jama'a. Finafinan nan sun nuna ƙaryar iri biyu ce. Ta farko ita ce siffar jarumin: makiyayin gaske ɗan ƙwadago ne mai ƙaramin albashi, ƙura har cikin haƙora, ba mai riga fes da ke rera waƙa bisa doki ana raka shi da kiɗan da ba a ga makaɗansa ba. Sai dai wannan ba ta yaudari kowa ba, kamar dai rawar fim ɗin Indiya. Ɗan kallo ya san wasa ya biya kuɗi ya gani.

Ta biyun ce abin zargi, don da shiru aka yi ta. Makiyayan yammacin Amurka da yawa baƙaƙen fata ne da 'yan Meziko, amma fim ya mayar da jarumta ta farare zalla, yara kuwa suka ɗauke shi tarihi. Wannan giɓi mawaƙi Herb Jeffries ya nemi cikewa da Harlem on the Prairie a 1937, fim ɗin da akasari a sinimomin baƙaƙen fata aka nuna shi.