A Farfaɗo da Gayya Domin Wadata Karkara da Abinci

Yunwar karkara tana da lokacinta, kuma kowa ya san shi. Daga watan Yuni zuwa Agusta, sa'ad da shuka ta yi kore amma ba ta nuna ba, rumbuna kan yi ƙasa, kuɗin tiya ya hau, magidanci ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani domin a samu abin ɗorawa a murhu. Sau da yawa shi ne ya sayar da hatsinsa da araha da kaka saboda bashi ko biki ko magani, ga shi yanzu yana sayen irinsa da tsada. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, don haka gonar mai jin yunwa ba ta samun noma a kan kari, amfanin baɗi ya ragu, wahalar ta sake zagayowa. Musibar da aka san watan zuwanta bai dace ta riƙa iske gari babu shiri ba.

Yara ƙanana ne suka fi ɗanɗana kuɗarta. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Abin takaici, yankin nan ne ke noma gero da dawa da wake da gyaɗa da ake lodi zuwa kudu. Saboda haka matsalar ba ta tsaya ga ƙarancin noma ba. Akwai ta ajiya, da ta rabo, da ta sanin abin da jikin yaro yake bukata, kuma duka ukun suna cikin abin da mutanen gari za su iya gyarawa da hannunsu.

Wajibi na farko shi ne ajiya ta haɗin gwiwa. Gayya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa; da ita ake nome gonar mara lafiya, da ita ake ɗora jinka. Ya kamata kowane ƙauye ya ware gonar gari, matasa su nome ta ƙarƙashin jagorancin sarkin noma, amfaninta ya shiga rumbun al'umma. A Jamhuriyar Nijar an daɗe ana kafa bankunan hatsi a kan wannan tsari: a sayi hatsi da kaka, a kulle, a buɗe da damina a sayar wa 'yan gari da rangwame ko a ba su rance su biya bayan girbi. Wake kuwa, wanda ƙwari ke mayarwa gari cikin 'yan watanni, ana iya adana shi a buhun PICS mai ruɓi uku, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. Idan aka ɗaure bakinsa da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu ba tare da an zuba maganin da ke cutar da masu ci ba.

Na biyu shi ne zakkar amfanin gona. Shari'a ta wajabta ɗaya bisa goma a kan abin da ruwan sama ya shayar, da ɗaya bisa ashirin a kan abin da aka yi wa ban-ruwa da wahala, muddin ya kai nisabi na sa'i 300. Manoman da can suna fitar da dami ɗaya cikin goma tun a bakin gona. Haƙƙin malamai ne su tunatar, haƙƙin masu unguwanni ne su san gidajen zawarawa da marayu da tsofaffin da kunya ke hana su roƙo. Zakkar da aka kai wa mai hali domin neman fada ba ta isa inda aka umarta ba.

Na uku shi ne inganta abin da ke shiga tukunya. Tuwo yana cika ciki, amma shi kaɗai ba ya gina jiki. Zogale da rama da alayyafo da kabewa ba sa bukatar fili mai yawa, kuma rijiya ɗaya da shinge sun isa a yi lambun rani da mata ashirin za su ci moriyarsa. Masu filaye kusa da fadama su ba da aron wuri, samari su haƙa rijiya su kafa shinge, ladan duka biyun ba ƙarami ba ne. Mata sun riga sun nuna abin da suke iyawa: ƙungiyoyin adashi na Mata Masu Dubara, da suka fara a yankin Maraɗi a 1991 da tallafin ƙungiyar CARE, sun bazu har ƙasashe da dama. Irin wannan asusu zai iya sayen akuya a ba mace kiwo, in akuyar ta haihu matar ta riƙe 'ya'yan ta miƙa uwar ga wata, ta haka madara ta shiga gida bayan gida.

Itatuwa ma abinci ne. Tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi sassabin zamani, wato barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sare shi, har aka farfaɗo da fili da aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5. Gawo yana zubar da ganye da damina ya taki ƙasa, kuka tana ba da miya, ɗorawa tana ba da kalwa. Gari ya sa doka a kan sare su.

Na huɗu shi ne kula da jarirai. Daƙashi, wato nonon farko da wasu ke matsewa su zubar, shi ne kariyar farko ga jariri. Likitoci sun yi ittifaƙi a kan nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a haɗawa, sannan a fara kunu mai kauri na gero da waken suya da gyaɗa, ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu. Ƙwai da kifi da hanta ba na maigida kaɗai ba ne, mai ciki da mai goyo da yaro sun fi kowa bukatarsu. A Mirya ta jihar Damagaram an gwada koya wa iyaye mata auna damtsen yaro da zare mai launi uku, kuma sun iya. Ja, wato ƙasa da santimita 11.5, alama ce ta tamowa mai tsanani, haka ma kumburin ƙafafu biyu. A garzaya asibiti a ranar. Abincin gyaɗa na leda da ake bayarwa a can magani ne na yaron da aka rubuta wa. Mai sayar da shi a kasuwa da mai saye don kwaɗayi duk suna da hannu a cutar da marar lafiya.

Dukkan waɗannan ayyuka sun dogara ne a kan amana. Bankunan hatsi da yawa sun durƙushe ba don fari ba, sai don masu rance sun ƙi biya, ko 'yan kwamiti sun mai da rumbun gari nasu. Don haka a zaɓi kwamiti a bainar jama'a, mata su kasance a cikinsa, tunda su suka san ranar da hatsi ke ƙarewa a gida. Makulli ya zama a hannu fiye da ɗaya, awo a yi shi a gaban shaidu, kowane buhu a rubuta shigarsa da fitarsa, a karanta lissafi a dandali bayan kowace kaka. Ɗan dagaci da ɗan talaka su biya rance a rana ɗaya da mudu ɗaya. 'Yan gari mazauna birni su taimaka da jari da buhuna da kuɗin gyaran rijiya, ba tare da sun mai da taimakon hanyar neman ƙuri'a ba. Gwamnati kuma a ci gaba da neman haƙƙi a wurinta: hanya, asibiti, taki, da tsaron da zai bar manomi ya je gona ya dawo lafiya.