Ƙwallon da Ba Ta Ragewa

Duk matashin da ya zauna koyon zane mai motsi na 3D, a shagon kwamfuta a Ringim ko a ɗakin ɗalibai a Jami'ar Tarayya ta Dutse, darasin farko da ake ɗora masa abin dariya ne. Ya zo da burin zana doki da mahayi, sai a ce ya yi ƙwallo ta faɗo ta yi tsalle. Shi ke nan.

Manhajar da akasari ake farawa da ita Blender ce, don kyauta take. Wani ɗan Holand, Ton Roosendaal, ya ƙirƙiro ta, kuma a 2002 masu amfani da ita suka yi karo-karo na Yuro 100,000 aka 'yanta ta ga kowa. Da ita aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci kyautar Oscar a 2025. Amma ƙwallon ita ce ƙofar shiga.

Daƙiƙa ɗaya ta fim hotuna 24 ce a jere. Mai koyo ba ya zana su duka. Zango yake sakawa: a hoto na farko ƙwallo tana sama, a na goma sha biyu ta taɓa ƙasa, a na ashirin da huɗu ta koma sama. Kwamfuta ta cike tsakani. Da an kunna sai a ga abin bai yi ba, domin manhajar tana sassauta gudu a bakin kowane zango, ƙwallon ta riƙa sauka a hankali kamar mai tsoron ƙasa. Yaron da bai taɓa shiga ajin kimiyya ba, in ya leƙo, zai ce wannan ƙarya ce. Tun yana rarrafe idonsa ya haddace yadda Allah Ya tsara faɗuwa: abu yana ƙara sauri yana gangarowa, ya ɗan dakata a ƙololuwa, kuma kowane tsalle bai kai wanda ya gabace shi ba. Dole mai koyo ya buɗe layin motsi ya karya lanƙwasar, ya mai da ita tsini a wurin da ƙwallo ta bugi ƙasa.

Ko an gyara wannan, da saura. Ƙwallon da ta bugi ƙasa ba ta lotsa ba, ido ƙarfe yake ganinta. Sai an matse ta. Masu zanen kamfanin Disney biyu, Frank Thomas da Ollie Johnston, sun jera ƙa'idoji goma sha biyu na wannan sana'a a littafinsu na 1981, kuma lotsawa da miƙewa suka sa a farko. Sharaɗin ɗaya ne: jikin ƙwallon kada ya ragu. In aka rage tsayinta da rabi, sai an ƙara faɗinta da kusan kashi 40 cikin 100 ta kowace fuska, yadda curin fura ke bajewa a tafin hannu in an danna shi, fura kuwa tana nan yadda take. Wanda ya manta ya faɗaɗa, ƙwallonsa za ta zama kamar ta sace.

Abin mamaki, duk wannan a hoto ɗaya ko biyu yake faruwa, ƙasa da ƙiftawar ido. Amma a nan mai kallo ke yanke hukunci ko roba ce, ko dutse, ko balan-balan cike da ruwa. Lokacin da take sama duk kamarsu ɗaya.

Mutanen bakin kogin Haɗeja sun san irin wannan hoton. Shekarar da ambaliya ta cinye amfanin gona a yankin Ringim, irin ta 2022, maƙwabta ba sa buƙatar a gaya musu da me aka yi kowane magidanci. Akwai wanda ba ya lotsawa. Babbar riga tana nan, cefane bai sauya ba, bashi kuwa yana taruwa a ɓoye har ranar da za a ji ƙarar fashewa. Akwai wanda ya lotsa ya rage gaba ɗaya: alkawari ya daina cika, gaisuwa ta koma roƙo, amanar da aka ba shi ta fara taɓuwa. Sai na uku, wanda ya sauke tsayinsa ba kunya, ya sayar da babur, ya rage tukunya, amma ya baje ta gefe. Ya shiga fadama noman rani, ya karɓi ƙwadagon da a da yake ba wasu, ya ƙara yawan zuwa gaida dangi. A ido ya gajarta. A ma'auni kuwa ko tiya ba ta fita daga mutuncinsa ba.

Akwai kuskuren da masu koyon zanen ke yi bayan sun gane daɗin matsewa. Sai su bar ƙwallon a lotse hoto biyar ko shida, don a ga sun iya. Nan take ta koma danƙo, ta manne da ƙasa, tsallen da ya biyo baya kuma ba mai yarda da shi. Gyaran ba wuya: a ja zangon tashi ya matso kusa da na faɗuwa, a bar hoto ɗaya ko biyu kawai a tsakaninsu.