KWANIKA DA RAMAR MAI SHAYARWA: A WUYAN WA NAUYIN YAKE?

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a ƙasar Dayi da sauran garuruwan noma da ke yankin Malumfashi da Funtuwa, babu gorin da ya fi ci wa mace rai kamar a ce ta yi kwanika, watau ta ɗauki ciki alhali goyonta bai isa yaye ba. Da zarar an lura sai habaici ya tashi. Uwar miji ta ce ba ta da kunya, kishiya ta ce ba ta da haƙuri, in yaro ya soma zawo a ce ya sha ciki. Shi kuwa maigida yana can ƙofar gida ana gaishe shi da girma, sai ka ce cikin daga sama ya faɗo. To, shin wannan abu laifi ne a Shari'a? In kuwa ba laifi ba ne, wahalar da ke biyo bayansa wa za a tambaya?

Larabawa suna kiran kusantar mace mai shayarwa da suna gila. Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa, da Imamu Muslim a cikin Sahihinsa, sun ruwaito daga Judamatu 'yar Wahbu cewa Annabi (S.A.W.) ya yi nufin hana gila, sa'an nan ya duba ya ga Rumawa da Farisawa suna yi ba ya cutar da 'ya'yansu, sai ya bari. Kazalika iyakar jinin biƙi a mazhabar Malikiyya kwana 60 ne, in ya ɗauke kafin haka mace ta yi wanka ta yi salla, ta halatta ga mijinta. Ashe ke nan ƙaurace wa juna har yaye da kakanni suka yi al'ada ce, ba wajibi ba, kuma wadda ta yi kwanika ba ta saɓa wa Allah ba. Amma mai hankali ya lura da ma'aunin da aka auna hukuncin da shi. Da cuta aka auna shi. Saboda haka duk gidan da cuta ta bayyana a cikinsa, halaccin bai sauke wa maigida nauyi ba.

Mutane da yawa suna zaton muddin mace tana ba da nono ba ta ɗaukar ciki. Akwai gaskiya a ciki, amma da sharaɗi. A shekarar 1988 masana lafiya suka taru a Bellagio ta ƙasar Italiya, suka daidaita a kan cewa shayarwa tana tsare ciki da kimanin kashi 98 cikin 100 idan abu uku suka haɗu: jariri bai cika wata 6 ba, haila ba ta dawo ba, kuma nono zalla yake sha dare da rana. In ɗaya ya faɗi, to tsarin ya karye. A gidajen da ake ɗura wa jariri ruwa da koko tun yana ɗan wata biyu, da wuri yake karyewa. Daɗin daɗawa, ƙwan haihuwa yana iya sauka kamar mako biyu kafin a ga jini, saboda haka mace takan ɗauki ciki tana nan tana jiran hailar da ba ta zo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tana ba da shawarar a dakata wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin.

Sai batun rama. Nono daga jikin uwa yake fita, likitoci kuma sun ƙiyasta mai shayarwa tana bukatar ƙarin kalori wajen 500 kowace rana, watau kamar ƙarin cin abinci sau ɗaya. Raguwar ƙibar da aka tara lokacin ciki sannu a hankali ba abin tsoro ba ne. Amma wadda wuyanta ya zurma, idonta ya yi fari, tana jiri a bakin turmi, wannan yunwa ce da ƙarancin jini. Abin takaici, ƙauri da kaji da yaji duk a kwanakin jego suke ƙarewa, alhali shayarwa tana nan har kusan shekara biyu. Ƙasa ce ta masara da dawa da wake da waken soya, amma da kaka sai a loda buhuna a mota, a bar mai goyo da tuwo da miyar kuka tsurarta, kafin damina ta raba rumbu ya yi ƙasa. In sabon ciki ya faɗo a kan wannan jiki, mutum uku ke nan suke ci daga ƙwarya ɗaya.

Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta tara hukuncin wuri guda. Ta sanya cikar shayarwa shekara biyu, ta ɗora ci da tufafin uwa a kan uba gwargwadon hali, ta hana a cuci uwa saboda ɗanta ko uba saboda ɗansa, ta kuma rataya yaye kafin lokaci a kan yarda da shawarar su biyu. In yaye sai da shawara, ina ga ɗaukar sabon ciki? Imamu Malik ya yarda da azalu, watau zubar da maniyyi a waje, da izinin matar, malamai da dama kuma sun yi ƙiyasin hanyoyin tazarar haihuwa na wucin gadi a kansa. Haka nan an yi wa mai shayarwa rangwamen ajiye azumin Ramalana in ta ji wa ɗanta tsoro. Allah Ya sassauta hakkinsa saboda goyon nan, miji ne zai ƙi sassauta nasa?

Wani zai ce haihuwa rabo ce, bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci. Haka ne. Amma manomin Dayi yana ba da tazara tsakanin shuka da shuka, yana zuba taki, bai taɓa kiran wannan rashin tawakkali ba. Abincin bakin da aka tsaga kuwa, a hannun uba aka ajiye shi amana.

In cikin ya riga ya shiga, to a bar gori. Nonon mai ciki ba guba ba ne. Abin da ya fi kayar da yaro shi ne a fizge shi daga nono rana ɗaya a bar shi da koko tsura. A ƙara wa uwar abinci, a rage mata aiki, maigida ya kai ta awo da kansa. Ranar da za a tambayi kowane makiyayi abin da aka ba shi kiwo, ba uwar miji za a fara kira ba.

Allah Ya shiryi iyaye, Ya raya zuriyar Musulmi. Wallahu a'alamu.