ALƘAWARI DA KUNYA, WANNE NE GABA?

Ya ke 'yar'uwa mai keken ɗinki a tsakar gida, yau da ke zan yi zance. Tambayar da nake so mu duba ita ce: idan aka kawo miki aikin da kin san lokacinki ba zai isa ba, wanne ya fi, ki karɓa don kunya, ko ki mayar don gaskiya?

Ni ma mai wannan sana'a ce. Ina ɗinka kayan biki da kekena Butterfly, ina kuma saƙa hular sanyi da safa da rigunan jarirai da zaren ulu. Saboda haka na san yadda ayyukan nan biyu ke karo da juna. Kasuwar saƙa tana buɗewa ne da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Bukukuwa kuwa sun fi yawa a watan Sha'aban, don kowa na son a kai amarya ɗakinta kafin azumi. A 2025 Sha'aban ya faɗo cikin Fabrairu, sanyi bai gama tafiya ba. Ga anko an jibge, ga atamfa da leshi daga Kantin Kwari, ga kuma mai jego tana jiran kayan da jaririnta zai sa ran suna. Hannu kuwa biyu ne, kuma da su za a tuƙa tuwon dare.

To a nan kunya take shigowa. Maƙwabciya ce ta aiko da turmi uku, ko 'yar ƙanwar maigida ce za a aurar. Sai bakinki ya yi nauyi, ki ce "a ajiye, in sha Allahu za a samu," alhali zuciyarki ta riga ta san ba za a samu ba. Muna kiran wannan kara. Ban raina kara ba, da ita zumunci yake tsayawa. Amma mu duba wa ta amfana. Ke kin tsira daga nauyin minti ɗaya, ita kuwa amarya kin ɗora mata nauyin ranar da ba za ta maimaitu ba. Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Ran kamu in kaya ba su fito ba, kunyar da kika guda ita ce za ta faɗa kan uwar amarya a gaban dangin miji. Kin ga ashe kunyar ba ta ɓace ba, mai ɗaukarta kawai aka canza.

Wata za ta ce, ai ba sai in hana idona barci in gama ba? Haka ne, ana yi. Sai dai ki tuna saƙa da ɗinki ba halinsu ɗaya ba. Saƙa in kin yi kuskure sai ki warware, zarenki na nan. Kina iya ɗaukar kwarashi kina jiran tukunya ta tafasa, ki ajiye in yaro ya yi kuka. Almakashi kuwa ba ya komawa baya. Turmin atamfa yadi 6 ne, a ciki za a fitar da riga da zani da ɗankwali. In gyangyaɗi ya sa kika yanka ba daidai ba, kin ɓata dukiyar da wani uba ya daɗe yana tara kuɗinta. Yadin nan amana ne a hannunki, har ƙyallen da ya rage na mai kaya ne sai in ta ce ta bar miki.

Sai kuma tambaya ta biyu. In aiki ya riga ya haɗu, wa za a fara yi wa? Zuciya takan karkata wajen leshi mai tsada, ta ture 'yar hular jariri gefe, don kuɗinta kaɗan ne. Ni a ganina wadda kika fara yi wa alƙawari ita ce gaba. Suna ran bakwai ne, ba a ɗaga shi don mai saƙa ba ta gama ba. Alƙawari kaya ne, kuma ba a auna nauyinsa da kuɗin aiki. Malamai sun karantar da mu cewa saɓa alƙawari da cin amana suna cikin alamomin munafuki, ba su ware ƙaramin ciniki ba.

Abin da nake yi shi ne, ina da ɗan littafi da nake rubuta sunan mai kaya da ranar da za ta karɓa. In ranaku sun cika, sai in ce, "Yaya, ki yi haƙuri, ba zan iya ba a wannan mako, amma ga wance ta iya hannu, a kai mata." Wata takan ɓata rai, har ta yi kwana biyu ba ta gaishe ni ba. Amma kayanta sun fito a kan lokaci, zumuncinmu kuma bai tsinke ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Saboda haka 'yar'uwa, ki ƙirga kwanakinki kafin ki ƙirga kuɗin. Taura biyu ba ta taunuwa. Allah Ya sa albarka a sana'armu, Ya ba mu ikon cika abin da muka ɗauka, amin.